Masauki Mai Araha a Tsohon Birnin Zanzibar: Abin da Matafiyi Ya Kamata Ya Sani

(Kiɗan buɗe shiri)

 

Yau za mu yi magana ne a kan masauki, wato inda matafiyi zai ajiye jakarsa ya kwanta idan ya je ƙasar da ba shi da kowa. Mutane da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa idan mutum ya fita waje, dole ne ya sauka a katafaren otal mai hawa goma, in ba haka ba ya zubar da girmansa. Wannan tunani ya hana wasu tafiya gaba ɗaya, ya kuma sa wasu sun ciwo bashin da ba dole ba. Muna so mu nuna cewa ƙaramin masauki mai araha, a cikin tsohon gida mai tarihi, yana iya zama mafi alheri ga matafiyi, matuƙar ya san yadda zai zaɓe shi da yadda zai zauna a cikinsa. Misalin da za mu ɗauka shi ne tsohon birnin Zanzibar, a gabashin Afirka. Sai ku gyara zama.

(Gajeren kiɗa)

Da farko, ina ne Zanzibar? Tarin tsibirai ne a cikin Tekun Indiya, daura da gaɓar ƙasar Tanzaniya. Manya daga cikinsu biyu ne, Unguja da Pemba. Unguja shi ne wanda aka fi kira Zanzibar, kuma jirgin ruwa mai sauri yakan yi kamar awa biyu daga birnin Darussalam kafin ya isa can. Ƙasa ce mai zafi da laima, cike da bishiyoyin kwakwa. Harshen mutanenta Suwahili ne, kuma mafi yawansu Musulmi ne.

A gefen yamma na tsibirin Unguja akwai tsohon birni wanda mutanen wurin suke kira Mji Mkongwe, baƙi kuma suka fi saninsa da Birnin Dutse. Turawan Fotugal sun riƙe wannan gaɓa kusan shekara ɗari biyu, har Larabawan Oman suka kore su a ƙarshen ƙarni na 17. Wajen shekarar 1840 Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya dawo da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar. Daga nan gari ya bunƙasa. Fatake daga ƙasashen Larabawa da Indiya da Farisa suka yi ta zuwa da jiragen ruwa masu tafiya da iska, su zo da iskar arewa maso gabas, su koma da iskar kudu. Attajirai suka gina manyan gidaje masu bene biyu, wasu uku.

Wajibi ne mu faɗi gaskiya a kan inda dukiyar ta fito. Ta fito ne daga kanumfari, da hauren giwa, da cinikin bayi. An kamo dubban 'yan Afirka daga cikin nahiyar, aka sayar da su a kasuwar wannan gari, wasu aka kai su gonakin kanumfari, wasu aka tsallaka da su teku. Sai a shekarar 1873 aka rufe kasuwar bayin, a zamanin Sarki Bargash. Saboda haka duk wanda ya kwana a cikin waɗannan gidaje, ya san cewa akwai gumin bayin Allah da hawayensu a cikin tarihin ginin.

Zanzibar ta shiga ƙarƙashin kariyar Ingila a 1890, ta sami 'yancin kai a watan Disamba na 1963. Wata guda bayan haka, ranar 12 ga Janairu 1964, aka yi juyin juya hali da ya kawar da sarautar, aka kuma yi asarar rayuka masu yawa. A watan Afrilu na wannan shekara Zanzibar ta haɗe da Tanganyika, aka sami ƙasar Tanzaniya. Larabawa da Indiyawa da yawa suka bar tsibirin, gwamnati ta karɓe gidaje da dama, ta zuba 'yan haya a ciki. Gidan da iyali ɗaya suke kula da shi ya koma hannun iyalai masu yawa waɗanda ba su da halin gyara. Rufi ya fara yoyo, bango ya fara tsagewa, wasu gidajen suka rushe.

Da aka buɗe ƙofa ga baƙi masu yawon buɗe ido daga wajen ƙarshen shekarun 1980, sai mutane suka fara gyara waɗannan gidaje suna mayar da su masaukai. An kafa hukuma ta musamman mai kula da tsohon birnin, sannan a shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Wasu gidajen sun zama otal masu tsada ƙwarai. Wasu kuwa sun tsaya a matsayin ƙananan masaukai na talaka, masu ɗakuna kaɗan, waɗanda iyali ko wani ɗan gari ke gudanarwa. Irin waɗannan su ne abin maganarmu a yau.

(Gajeren kiɗa)

To, mai sauraro, idan ka isa irin wannan masauki, me za ka tarar?

Abu na farko da zai tare ka shi ne ƙofa. Ƙofofin Zanzibar sun shahara a duniya. Katako ne mai kauri da nauyi, an sassaƙa masa zane na furanni da igiyar ruwa da sarƙa, wani lokaci da ayar Alƙur'ani ko sunan mai gida a samansa. Ƙofofin da aka yi bisa salon Larabawa samansu a miƙe yake, masu salon Indiya kuwa samansu a lanƙwashe yake, kuma sau da yawa akan jera musu manyan ƙusoshin tagulla. A zamanin da, ƙofa ita ce take sanar da matsayin mai gida. A gefen ƙofar za ka ga dakali na dutse a jikin bango, wanda suke kira baraza, inda maza suke zama da yamma su sha gahawa su yi hira.

Idan ka shiga ciki za ka ji sanyi ya ratsa ka, ko da rana ta take a waje. Dalilin shi ne yadda aka yi ginin. An gina bangon da dutsen murjani da aka haƙo a tsibirin, aka haɗa shi da farar ƙasa da jar ƙasa. Bango ne mai kauri sosai, ba ya barin zafin rana ya ratso da wuri. Yawancin gidajen suna da fili a tsakiya wanda yake buɗe har sama, iska mai zafi ta fita ta can, mai sanyi ta shigo ta tagogi. Lungunan garin kuma ƙunci gare su, dogayen gidaje suna yi wa juna inuwa. Magina na wancan zamani ba su da wutar lantarki, amma sun san yadda za su sarrafa iska da inuwa.

Idan ka ɗaga kai a cikin ɗaki, za ka ga baƙaƙen sanduna a jere a jikin rufin. Itace ne da yake tsirowa a bakin teku cikin ruwan gishiri, suna kiran sandunan boriti. Kamar yadda tsawon azara yake iyakance faɗin ɗaki a ginin ƙasa na gargajiya a wurinmu, haka tsawon boriti ya iyakance faɗin ɗakunan Zanzibar. Shi ya sa za ka ga ɗakin dogo ne amma tsukakke, rufinsa kuma can sama. Kada ka ce an cuce ka da ƙaramin ɗaki; haka aka gina gidan tun asali.

Kayan ɗakin ba su da yawa. Akwai gado na katako mai tsayi, mai ginshiƙai huɗu da aka rataya wa gidan sauro. Akwai fanka a sama, da kujera ko tebur, wani lokaci da tsohon akwatin katako mai ado da tagulla. Wasu ɗakunan suna da banɗaki a ciki, wasu kuwa baƙi biyu ko uku ne suke tarayya a banɗaki ɗaya, kuma waɗannan sun fi araha. A masaukai da yawa akan ba da karin kumallo a kan soro: shayi mai citta ko gahawa, da burodi ko capati, da ƙwai, da 'ya'yan itace irin su gwanda da ayaba da mangwaro da abarba. Daga kan soron kana hango rufin kwano na gari, da hasumiyar masallatai, da ta coci, da teku.

Ke nan, abin da masauki yake sayar maka shi ne wurin kwana mai tsabta, da tsaro, da zama a tsakiyar mutane. Ba ya sayar da ƙawa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma gaskiya ne. Amma matafiyi ba ado ya je nema ba.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu bari mu faɗi abubuwan da za ka yi haƙuri da su, domin wanda aka sanar da shi tun kafin ya tashi ba ya yin da-na-sani.

Na ɗaya, mota ba ta shiga yawancin lungunan tsohon birnin. Direba zai sauke ka a bakin titi ne, ka ƙarasa da ƙafa, ko a ɗora kayanka a amalanke. Saboda haka kada ka yi lodin kaya. Lungunan kuma suna da ruɗarwa, baƙo yakan yi ta zagaye wuri ɗaya. Ka roƙi masu masaukin su turo wanda zai tarye ka a ranar farko, musamman idan da dare za ka iso.

Na biyu, matattakala. Tsofaffin gidajen nan ba su da na'urar hawa bene, kuma matakalarsu tana da tsayi da ƙunci. Idan kana tare da dattijo, ko mai ciwon gwiwa, ko mace mai juna biyu, ka nemi ɗakin ƙasa ko na hawa na farko tun kafin ku iso.

Na uku, ruwa da wuta. Wutar lantarkin Unguja tana zuwa ne daga babban yankin Tanzaniya ta wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Daga Disamba 2009 zuwa Maris 2010 tsibirin ya yi kusan wata uku babu wuta saboda lalacewar wannan layi. An shimfiɗa sabuwar waya daga baya, al'amura sun gyaru, amma har yanzu akan ɗauke wuta jefi-jefi, kuma ba kowane ƙaramin masauki ne yake da janareta ba. Ka riƙe tocila. Ruwan famfo ma yakan yi rauni a ɗakunan sama, ruwan zafi kuma ba kullum ba. Ruwan sha kuwa, ka sha na gora ko wanda aka tafasa.

Na huɗu, hayaniya. Kana tsakiyar unguwa ne. Za ka ji yara suna wasa, babura suna wucewa, maƙwabta suna hira, zakara yana cara. Za ka ji kiran sallar asuba daga masallatai da dama a lokaci guda, domin tsohon birnin cike yake da masallatai. Ga Musulmi wannan ni'ima ce, ba sai ya sa agogo ya tashe shi ba.

Na biyar, laima. Zanzibar tana da damina biyu: babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama kuma wajen Nuwamba zuwa Disamba. A lokacin babbar damina farashin ɗakuna yakan sauka domin baƙi sun ragu, amma tsohon bango yakan sha ruwa, ɗaki ya riƙa warin danshi. Mai ciwon asma ko matsalar numfashi ya kula da wannan sosai. Daga Yuni zuwa Oktoba an fi samun sanyin iska da ƙarancin ruwan sama, amma a lokacin ne baƙi suke yawa, kuɗin ɗaki ya hau. Haka ma ƙarshen shekara, da watan Fabrairu lokacin bikin kaɗe-kaɗe na Sauti za Busara.

Duk waɗannan abubuwa ne da mutum zai iya jurewa. Amma akwai waɗanda bai kamata ka jure ba ko kaɗan, komai arahar ɗakin. Sauƙin kaya daban, ƙazanta daban. Tsufan gini daban, lalacewarsa daban. Gida yana iya shekara ɗari da hamsin ya kasance garau idan ana kula da shi. Idan ka ga zanen gado da datti, ko banɗaki yana wari, ko wayoyin lantarki a tsirara, ko bango ya yi babbar tsaga, ko sandunan rufi sun ruɓe suna zubar da gari, to ka ɗauki jakarka ka nemi wani wuri. Ba a cinikin lafiya da rai.

(Gajeren kiɗa)

Jama'a masu sauraro, ga matakan da za ku bi wajen zaɓen masauki.

Kafin ka tashi daga gida, ka yi bincike a intanet, ka karanta abin da waɗanda suka sauka a wurin kwanan nan suka faɗa. Kada ka dogara da hoto kaɗai, domin hoto yakan ɓoye aibi. Idan mutane da yawa sun yi kuka a kan abu ɗaya, misali rashin ruwa ko kuɗin cizo, to ka yarda da su. Ka kama ɗakin kwana ɗaya ko biyu kawai da farko. Idan wurin ya yi maka, sai ka ƙara kwanaki, kuma a nan ne za ka iya neman ragi, domin mai masauki ya fi son baƙon da zai daɗe.

Idan ka isa, ka nemi a nuna maka ɗakin kafin ka biya. Wannan ba rashin kunya ba ne, haƙƙinka ne. Gani ya kori ji. Ka ɗaga zanen gado ka duba ɗinkin katifa, domin nan kuɗin cizo suke ɓoyewa. Ka warware gidan sauro ka ga ko ya yage. Zanzibar ta yi ƙoƙari ƙwarai wajen rage zazzaɓin cizon sauro, amma ba a rabu da shi gaba ɗaya ba, saboda haka kwana cikin gidan sauro wajibi ne. Ka murɗa famfo, ka kunna fanka, ka gwada makulli da sakata. Ka duba tagar tana buɗuwa, domin ɗakin da ba ya samun iska a ƙasa mai laima azaba ne.

Sannan ka lura da hanyar fita idan gobara ta tashi, Allah ya kiyaye. Yawancin tsofaffin gidajen matattakala ɗaya gare su, wani lokaci ta katako, tagogin ƙasa kuma da ƙarafa. Ka tambaya ko ana kulle babbar ƙofa da dare, wa yake riƙe da makullin, kuma ko akwai mai gadi da yake kwana a wurin. Kada ka kunna kyandir ko turaren wuta kusa da gidan sauro.

Batun kuɗi kuma, a yi shi a fili tun farko. Ka tambaya ko kuɗin da aka faɗa na ɗaki ne ko na kowane mutum, ko ya haɗa da karin kumallo, kuma ko ya haɗa da harajin da gwamnatin Zanzibar take karɓa a kan kowane baƙo a kowane dare. Idan ka biya, ka karɓi rasidi. Kuɗin ƙasar shi ne shilin na Tanzaniya, kuma ƙananan masaukai da yawa sun fi son tsabar kuɗi a hannu. Fasfo da manyan kuɗi kada ka bar su a fili; ka tambaya ko akwai akwatin ajiya, ka kuma riƙe kwafin fasfonka a wani wuri daban.

Ka yi hattara da 'yan kamasho da suke tare baƙi a tashar jirgin ruwa, waɗanda mutanen gari suke kira papasi. Wani zai ce maka masaukin da ka kama ya cika, ko an rufe shi, domin ya kai ka inda zai sami lada, kuma wannan ladan a cikin kuɗin ɗakinka za a sa shi. Ka gode masa cikin mutunci, ka kira masaukinka ka ji daga bakinsu.

Sai takardu. Masu fasfon Najeriya da na Nijar suna cikin waɗanda Tanzaniya ba ta ba su biza a filin jirgi. Dole ne su nema tun suna gida, su jira amincewar hukumar shige da fice ta ƙasar, kuma hakan yakan ɗauki lokaci. Kada ka biya kuɗin jirgi da na masauki wanda ba a mayarwa kafin bizarka ta fito. Ana kuma neman katin rigakafin cutar shawara daga wanda ya fito daga ƙasashenmu. Bugu da ƙari, tun daga watan Oktoba na 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya ta kamfanin inshorarta, wadda aka fara a kan dala 44. Dokokin irin wannan sukan canja, saboda haka ka tuntuɓi ofishin jakadancin Tanzaniya kafin ka ɗaura niyya. Matambayi ba ya ɓata.

(Gajeren kiɗa)

Mu zo ga ladabin zama, wanda shi ne ya fi komai muhimmanci. Ƙaramin masauki a tsohon birni ba keɓantaccen wuri ba ne; gida ne a cikin gidaje. Maƙwabcinka malami ne, ko masunci, ko tela, ko tsohuwa mai sayar da abinci. Kai baƙo ne a unguwarsu.

Ka yi sallama, ka yi gaisuwa. Mutanen Zanzibar suna girmama gaisuwa ƙwarai. Yaro yakan gai da babba da cewa shikamoo, babban ya amsa da marahaba. Mai shiga gida yakan ce hodi, a amsa masa da karibu. Ko waɗannan kaɗai ka koya, da asante ta godiya, za ka ga fuskoki sun sake. Ka sa tufafi na mutunci a cikin gari, mace da namiji. Kayan wanka na bakin teku ne. A watan azumi ba a cin abinci ko shan ruwa a bainar jama'a da rana, kuma gidajen abinci da yawa sukan rufe sai an sha ruwa. Kada ka ɗauki hoton mutum, musamman mata da yara, sai da izininsa. Kada ka ɗaga murya da dare. Ka yi tattalin ruwa, domin ruwan daɗi yana da ƙaranci a tsibirin, kuma abin da ka ɓarnatar a wanka wataƙila maƙwabci yana nemansa don girki.

Ma'aikatan masaukin kuma, mai shara da mai dafa shayi da mai ɗaukar kaya, ka mutunta su. Albashinsu ba shi da yawa, ɗan abin da ka ba su na alheri yana da tasiri a gidajensu. Su ne kuma za su nuna maka inda ake cin abinci mai kyau da araha, da motar haya ta dala-dala da za ta kai ka ƙauyuka, da farashin gaskiya na kaya a kasuwa.

Akwai abubuwa biyu da sukan rikita baƙo daga yankinmu. Na farko alƙibla. Mu nan gabas muke fuskanta, amma Zanzibar tana kudu da Makka ne kusan kai tsaye, saboda haka alƙiblarsu arewa take. Ka tambayi masu masauki su nuna maka kafin ka tayar da salla. Na biyu lissafin lokaci. Masu magana da Suwahili suna fara ƙirga awoyin yini ne daga fitowar rana, saboda haka ƙarfe bakwai na safe a wurinsu shi ne awa ta ɗaya. Idan direba ko mai kwalekwale ya sa maka lokaci, ka tabbatar da wane lissafi yake nufi, domin bambancin awa shida ne cur. Ka kuma tuna agogon Tanzaniya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu.

(Gajeren kiɗa)

To, mene ne ribar duk wannan haƙuri? Riba ta farko ita ce komai yana kusa da kai. Daga masaukinka, da ƙafa za ka je tsohuwar ganuwa da Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal. Kusa da ita akwai Baitul Aja'ib, fadar da Sarki Bargash ya gina a 1883, gini na farko da ya sami wutar lantarki a Zanzibar. Za ka je cocin Anglika da aka gina a kan filin tsohuwar kasuwar bayi, inda aka ajiye tarihin wannan mummunan ciniki don mutane su gani su yi tunani. Za ka shiga kasuwar Darajani, wadda aka gina a 1904, ka ga kifi da kanumfari da kirfa da masoro. Da magariba kuma sai ka gangara lambun Forodhani a bakin teku, inda ake gasa kifi da nama, ana matse ruwan rake. Wanda ya sauka a babban otal can bakin teku mai nisa, sai ya biya mota ta kawo shi ya yi awa biyu ko uku ya koma. Kai kuwa a cikin garin kake kwana kake tashi.

Riba ta biyu, kuɗin da ka rage a kan ɗaki zai ba ka damar ƙara kwanaki, ka ziyarci gonakin kayan ƙamshi, ka je dajin Jozani ka ga jajayen biran da suka keɓanta da Zanzibar, ka kuma sayo wa iyali tsaraba.

Riba ta uku ta shafi garin kansa. Waɗannan gidaje suna bukatar gyara kullum. Ruwan sama da iska mai gishiri suna cin su. Masana gyaran tsofaffin gine-gine suna gargaɗi cewa kada a shafe bangon murjani da siminti, domin siminti yana kulle danshi a ciki, dutsen ya riƙa ruɓewa. Farar ƙasa ce take barin bango ya bushe. Irin wannan gyara yana bukatar gwanaye da kuɗi. A ranar 25 ga Disamba 2020 wani ɓangare na Baitul Aja'ib ya rufta, har aka rasa rayuka. Idan fadar sarki za ta iya ruftawa, ina ga gidan talaka da ba shi da mai tallafa masa? Gidan da baƙi suke kwana a ciki yana samun kuɗin toshe yoyo da sauya sandar da ta ruɓe. Kuɗinka kuma yana shiga hannun 'yan gari: mai kawo burodi, mai wanki, mai sayar da 'ya'yan itace, kafinta. Saboda haka idan ka sami zaɓi, ka fifita masaukin da 'yan gari suke aiki a ciki, wanda kuma ake ganin alamar kulawa a jikin gininsa.

Jama'a masu sauraro, darasin shirinmu na yau bai tsaya ga Zanzibar kaɗai ba. Duk inda tafiya ta kai ka, ko neman ilimi, ko fatauci, ko ziyara, ka auna masauki da abu huɗu: tsabta, tsaro, gaskiyar masu shi, da kusancinsa da abin da ya kai ka. Idan waɗannan sun cika, kada ka ji kunyar arahar ɗakin. Idan ɗaya ya ɓace, kada araha ta ruɗe ka. Tafiya mabuɗin ilimi ce, amma ilimin yana wurin mutane, kuma wanda ya sauka a cikinsu da ladabi shi ne yake samunsa.

Muna kira gare ku da ku yi tafiya daidai ƙarfin aljihunku, ku gyara takardunku kafin ku tashi, ku duba ɗaki kafin ku biya, ku girmama mutanen da kuka tarar, ku bar musu gidansu cikin kyakkyawan hali. Ku tuna cewa da halinku za a auna duk wanda ya zo daga ƙasarku bayanku.

A nan za mu dasa aya a shirinmu na yau.  Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su gida lafiya. Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)